Ranar Da Malam Ya Ce Ba Ya So

Ku gyara zama. Labarin nan da ƙafata na taka shi, ba a bakin wani na ji ba.

Da ruwa muka sauka Manchester, ni da Malam, wani siririn ruwa da ba ya jiƙa mutum nan take, sai ya bari ka manta da shi tukuna. Ɗanmu na fari ne ya tarye mu. Tun da na haife shi ban taɓa kiran sunansa ba, ba kuma yau zan fara ba. Injiniya mutane suke ce masa, ni ma haka nake cewa idan ta kama dole. Ya durƙusa ya gaida ubansa a tsakiyar jama'a, Turawa suna ratse shi da akwatunansu, sannan ya juyo gare ni. Na amsa ina kallon takalmina. Shekara shida rabona da shi. Ta gefen ido na ga furfura ta fara fito masa a gemu.

Abin da ya kai mu shi ne lalurar Malam. Shekara talatin da 'yan kai ya yi yana tuƙa manyan wani kamfani a Kano, da ya yi ritaya suka sa shi cikin inshorar lafiya ta tsofaffin ma'aikatansu, aka ba shi kati mai hotonsa. Sai lalurar bawali ta same shi, irin wadda ke samun maza idan shekaru sun ja. Ya matsu, ya je ya tsaya, abu ya ƙi fita. Ya dawo ya zauna, abu ya zubo ba da izininsa ba. Likitanmu na Kano ya ce aikin ba wani babba ba ne ga mai ƙarfin zuciya, amma zuciyar Malam tana da rauni, gara a yi masa a inda ake yi da haske ba da wuƙa ba, likitocin zuciya suna kusa. Tun da muna da ɗa a Ingila, aka ce mu tafi can.

Da can, in ji tsofaffin abokan aikinsa, takardar likita kaɗai ta isa. Amma kamfanin inshora ya sake tsari ga 'yan fansho, wai tsofaffi sun yi yawa kuma kowa da ciwonsa. Yanzu sai sun ba ka jerin asibitocin da suka yarda da su, kowane da taurari a gabansa, ka zaɓa daga ciki. Sannan kafin su yarda a yi maka aiki, nas ɗinsu za ta yi maka tambayoyi, kowace amsa da makinta. Idan maki ya kai, a yi aiki. Idan bai kai ba, a ba ka ƙwayoyi, a ce ka dawo bayan rabin shekara. Mu kuwa bizarmu duka-duka wata shida ce. Idan aka ce mu jira, to Malam zai koma Kano yadda ya zo.

Gidan Injiniya yana unguwar da ake kira Old Trafford, a cikin wasu gidaje na jan bulo da suka kama kafaɗar juna tun daga wannan kan layi har wancan. Bango ɗaya ne tsakaninka da maƙwabci, kana jin tarinsa, amma ba ka san sunansa ba. Banɗaki yana sama, sai an hau bene. Wannan benen, Malam ya san adadin matakalarsa tun a ranar farko. Matar Injiniya, Rukayya, 'yar Zariya ce, aikin haɗa magunguna take yi a wani kanti. Yarinya mai hankali. Ta ajiye mana buta, ta saya mini safa mai kauri, ta hana jikokina biyu yin tsalle a kusa da ɗakinmu. Su jikokin, idan suka ce sannu Kaka, Hausarsu ta ƙare, sai mu yi ta kallon juna muna murmushi.

A sati na uku nas ta kira. A allon kwamfuta ta fito, an ɗora ta kan teburin cin abinci, wata Baturiya mai gilashi da fara'a. Rukayya ta kwashe yara suka fita. Malam ya sa hularsa mai kyau ya zauna, Injiniya ya zauna gefensa don ya yi tafinta, ni kuma na zauna ƙasa kan darduma, inda nake ganinsu su ba sa ganina sosai.

Ba na jin Turanci, amma ina jin tsawon magana. Nas za ta yi tambaya mai tsawo, tana ƙirge da yatsunta, sai Injiniya ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, wai ko kana ɗan samun damuwa wajen kewayawa." Malam ya dubi bango ya ce da sauƙi. Ta sake wata, Injiniya ya sake taƙaita ta, ya goge mata duk wani kaifi, Malam ya ce ai ba a rasa ba, amma da sauƙi. Haka suka yi ta yi. Ɗa yana jin nauyin ya tambayi ubansa yadda bawalinsa yake fita, uba yana jin nauyin ya faɗa wa ɗan da ya haifa cewa yana jiƙa wando. Kowa yana rufa wa ɗan'uwansa asiri, nas tana rubutawa.

Tambaya ta ƙarshe ce Injiniya ya juya ta zuwa Hausa daidai, don babu abin kunya a cikinta. Wai idan haka zai zauna har ƙarshen rayuwarsa, yaya zai ji?

Malam ya gyara zama ya ce, "Alhamdulillahi. Ni wane ne da zan yi ƙorafi da abin da Allah ya ba ni?"

Injiniya ya faɗa mata da Turanci. Ta yi murmushi mai faɗi, ta rubuta, ta ɗaga mana hannu.

Bayan kwana takwas takarda ta zo. Maki bai kai ba. A ci gaba da ƙwayoyi, a sake dubawa bayan wata shida. Injiniya ya karanta, fuskarsa ta washe, ya ce ashe abin bai yi tsanani ba, an gode Allah, sai su Baba su huta su ga gari kafin su koma. Da zuciya ɗaya ya faɗa. Bai san komai ba, don ba a taɓa gaya masa komai ba sai cewa Baba yana fama da mara. Malam ya ce madalla, ya tashi ya kama benen nan.

Aka kwana, aka tashi, aka kwana, aka tashi. Wata ɗaya ya wuce, na biyu ya bi shi. Ba a jin kiran salla sai a waya. Ba mai leƙowa ya ce ina kwana, ba mai aiko yaro a sam masa gishiri. Ni da nake tashi in share tsakar gida tun da duhu, na rasa abin sharewa. Ranar da ake wasan ƙwallo a babban filin da ke unguwar sai mutane su cika layinmu da jajayen riguna suna waƙa, in tsaya bayan labule ina kallonsu don dai in ga jama'a. Injiniya ya yi ta roƙon ubansa su fita, ya ga kaza ya ga kaza, Malam ya ce sanyi.

Ni na san ba sanyi ba ne, don ni nake wankin. Rukayya tana da injin wanki, na ce mata kayan Malam ba sa son inji. Sai in rufe ƙofar banɗaki in wanke su da hannu a cikin baho, in shanya kan ƙarfen da ke ɗumama ɗakinmu, in rufe da zane.

Sau ɗaya muka fita da Malam, zuwa duba zuciya a asibitin da Injiniya ya zaɓa, nan kusa da gida, mai kujeru masu laushi da furanni a tukunya. Muna zaune muna jira sai na ga wata tsohuwa 'yar Somaliya, sa'ata, ta lulluɓa har ƙasa, tare da wata mata mai kati rataye a wuya. Na ga tsohuwar tana zuba mata magana, tana nuna cikinta da bayanta ba tare da ta rage murya ba. Na ce a raina wannan wace irin 'ya ce da uwarta ba ta jin nauyinta? Da muka koma na tambayi Rukayya, ta ce ba 'yarta ba ce, tafinta ce, asibiti ke kawo ta, yau ta gan ki gobe ba ta san ki ba. Na ce ikon Allah, na bar maganar.

To, a nan ne na yi tawa wautar. Wata Asabar Rukayya ta kai ni wani kanti a Moss Side inda ake samun kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa. Ina shinshina daddawa, idona har ya kawo ruwa, sai na ji an ce, "Hajiya, sannu da sanyi." Wani dattijo ne, babbar riga a ƙarƙashin kwat, Hausa tas a bakinsa. Wata biyu ban ji baƙon baki ya gaishe ni da harshena ba. Kafin Rukayya ta dawo daga wajen nama na gaya masa daga ina muke, da abin da ya kawo mu, ban dai faɗi ciwon ba. Ya gyaɗa kai ya ce ya gane, ciwon dattawa, ai Bature bai san kansa ba, akwai wani haɗi da ake kawo masa daga gida. Ya fita wajen motarsa ya dawo da kwalba a cikin leda. Na kwance bakin zanena na ba shi abin da ya ce, na tura kwalbar cikin jaka ƙarƙashin ƙullin kuka.

Kwana uku Malam yana sha. Abin ya ƙaru. Hawa benen ya ninka.

A rana ta huɗu Rukayya ta shigo ɗakinmu kawo tawul, Malam yana ƙasa. Ta ga kwalbar, ta buɗe, ta shinshina, ta ɗiga a harshenta. Ta ce baƙin shayi ne da citta da kanumfari, kuma shayi mai ƙarfi irin wannan ƙara kawo bawali yake yi. Ta faɗi kalmar, sannan ta rufe bakinta da hannu. Muka tsaya, ni da surukata, zanen da na rufe shanya da shi yana tsakaninmu.

Ta durƙusa ta ce, "Mama, ki yafe mini. Na sani tun ranar da na ga kwalin ƙwayoyinsa. Aikina ke nan. Na rasa ta inda zan fara ne."

Na zauna bakin gado. Ban yi kuka ba. Na ce mata to yanzu da kika sani, me ake yi a ƙasar nan idan an yi wa mutum tambaya ya ba da amsar da ba ita ba?

Ta ce akwai hanya. Kamfanin yana yarda a sake tambayoyin sau ɗaya, a gaban likitan ɗaya daga cikin asibitocin jerinsu, idan makin ya canja su ma su canja. Sau ɗaya tak. Amma wa zai yi tafinta? Idan Injiniya ne, abin da aka yi za a sake. Ita kuwa ko kusa, Baba zai gwammace ƙasa ta tsage. Sai tsohuwar nan 'yar Somaliya ta faɗo mini. Na ce a cikin jerin nan nasu, ba a rubuta inda ake da baƙon da ke jin Hausa ba?

Ta ɗauko wayarta ta zauna ƙasa kusa da ƙafata tana karanto mini. Ashe ba tauraro iri ɗaya ba ne. Akwai na tsafta, akwai na abinci da kyan ɗaki, akwai na yadda waɗanda aka yi wa aiki suka ƙare bayan sun koma gida. Na ce wa yake raba taurarin? Ta ce wasu daga lissafin likitoci, wasu daga bakin waɗanda suka kwanta a can, ana kiransu a tambaye su. Can ƙasa kuma, da ƙananan rubutu, an jera harsunan da kowane asibiti yake da tafintansu. Wanda Injiniya ya zaɓa taurarinsa na ɗaki da abinci a cike suke, don ya so ubansa ya ji daɗi, amma babu Hausa. Muka wuce na biyu, na uku, na bakwai. Sai ga wani a Birmingham, wajen da ake kira Edgbaston. Na abincinsa biyu ne kawai. Na aikin dattawa a cike. Likitocin zuciya suna cikin gini ɗaya. A cikin harsuna kuma, tsakanin wasu sunaye da ban taɓa ji ba, Rukayya ta ɗora yatsa ta ce ga Hausa.

Na ce abinci ni zan kai.

Shawo kan Malam ya fi karatun jerin wuya. Ya ce an riga an tambaye shi ya amsa, ba zai koma ya zama mai baki biyu ba. Ya ce abin da Allah ya rubuta shi za a gani. Na bar shi ya gama. Na ce masa shekara arba'in da bakwai ina gidansa, ban taɓa cewa ya kai ni ko Wudil ba, yau ina roƙon ya kai ni Birmingham. Ya daɗe yana jan carbi. Ya ce mu je, don kar in ce ya ƙi.

Rukayya ta gaya wa mijinta cewa za a ji ta bakin wani likita ne kawai. Ya ɗauki hutu a wurin aiki, ya saya mana tikitin jirgin ƙasa.

Tafiyar ba ta kai awa biyu ba, amma na ji ta kamar zuwa Makka ta ƙasa. Kujerunmu suna tsakiyar tarago, banɗaki yana can ƙarshe, ƙofarsa kuma da maɓalli take buɗewa, a hankali, kamar ba ta san mutum yana sauri ba. Kafin tasha ta farko Malam ya tashi. Kafin ta biyu ya sake tashi, yana dafa kujerun mutane, jirgi yana jijjiga shi. Injiniya ya ce ko Baba yana son miƙe ƙafa ne, Malam ya ce e. A tashi na uku wata Baturiya tsohuwa da ke zaune daf da ƙofar banɗakin, da ɗan karenta a cinya, ta tattara jakarta ta zo ta tsaya kanmu. Ta nuna kujerarta, ta nuna tamu, ta ce wani abu tana dariya. Injiniya ya ce wai ta fi son wannan tagar. Tagogin duk iri ɗaya ne. Muka koma can, ita ta zauna a namu wurin, ba ta ƙara waiwayowa ba. Duk inda take, Allah ya saka mata.

Muka wuce gonaki kore shar, tumaki a cikinsu ba makiyayi. Muka wuce garuruwan da ban riƙe sunansu ba. A babbar tashar Birmingham muka sauka cikin mutane kamar kasuwar Kwari ranar jajiberi, muka sake hawa ƙaramin jirgi, ya sauke mu kusa da jami'a. Daga nan asibitin yana tsaye gabanka, ba ka ganin ƙarshensa.

A bakin ƙofar likita muka sami tafintan yana jiranmu, wani magidanci da kati a wuya. Ya ce sunansa Malam Sani, mutumin Damagaram ne. Ya gaida Malam da hannu biyu. Injiniya ya dube shi ya ce ai ba sai an wahalar da shi ba, shi ɗansu ne, zai yi. Aka kira sunan Malam. Injiniya ya miƙe, ya ɗauki jakar takardu, ya nufi ƙofa.

Ni dai tun yana yaro idan ina da magana da shi sai in faɗa wa iska, ko in faɗa wa wanda ke kusa, shi kuma ya ɗauka. A ranar babu iska, babu na kusa. Na sha gabansa, na ɗaga kai na dubi fuskarsa sosai.

Na ce, "Kai za ka zauna a nan."

Ya ce, "Mama, wani abu na yi ba daidai ba?"

Na ce, "Ba ka yi komai ba. Kai ɗansa ne, shi ya sa."

Ya tsaya yana kallona. Na ga abin yana shigarsa a hankali. Ya miƙo mini jakar, ya koma ya zauna, ya haɗa hannuwansa tsakanin gwiwoyi.

Likitan dattijo ne ɗan Indiya, mai sanyin murya. Tun kafin a fara Malam Sani ya yi mana bayani cewa duk abin da aka faɗa a ɗakin nan zai juya shi yadda yake, ba ragi ba ƙari, kuma idan ya fita ya manta. Likita ya ɗauko takarda irin ta nas. A karon farko na ji tambayoyin da tsawonsu. Sau nawa a wata kake ji ba ka gama ba bayan ka gama? Sau nawa kake komawa kafin awa biyu? Sau nawa yake tsayawa ya sake farawa? Malam Sani ya faɗe su ɗaya bayan ɗaya, idonsa a kan takarda, kamar mai karanta sunayen kayan miya.

Malam ya dubi bango. Ya ce, "To, ba a rasa ba. Amma da sauƙi."

Ɗa yana waje, baƙo yana ciki, amma bakin Malam ya saba da hanyarsa. Malam Sani ya buɗe baki zai juya, alƙalamin likita yana kan takarda. Wannan ce sau ɗayan da aka ba mu.

Na ce, "Malam Sani, tsaya. Ni ma ina da magana."

Ya ce, "Hajiya, duk abin da kika faɗa sai na juya shi."

Na ce, "Juya."

Na faɗa. Na faɗi sau nawa yake hawa bene tsakanin azahar da la'asar, don ina ƙirgawa. Na faɗi wando nawa nake wankewa a yini. Na faɗi yadda yake tsayawa a banɗaki har in gama tsinke zogale bai fito ba. Na ce mutumin nan mai son shayi ne, a tashar mota aka san shi da shi, amma yanzu idan za a fita ba ya sa ko ɗigon ruwa a bakinsa tun asuba, ga leɓensa nan a bushe, likita ya duba. Ina faɗa, Malam Sani yana juyawa.

Malam ya ce, "Ke, Ladi."

Na ce a raina shi ke nan, na tona asirin mijina a gaban maza biyu, a ƙasar da ba tamu ba, kuma wataƙila a banza. Likita bai rubuta komai ba. Ya ajiye alƙalami, ya ce ta bakin Malam Sani, ya ji maganar Hajiya, amma takardar ta mai ciwo ce, sai abin da mai ciwo ya faɗa da bakinsa.

Malam ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa. Ya daɗe yana kallon cikinta. Sannan ya ce wa Malam Sani, ba tare da ya ɗago ba, abin da ta faɗa haka ne, har ma ta rage. Ya ce shekara biyu ke nan bai tsaya a sahun Juma'a ba, don alwalarsa ba ta kaiwa ƙarshen huɗuba, mutanen unguwa suna zaton ƙafa ce. Wannan ko ni ban taɓa jin ya faɗa ba. Daga nan likita ya koma tambaya ta farko, Malam ya amsa su duka, da lamba, kamar yadda yake ba da lissafin man mota a zamanin aikinsa.

Aka zo ta ƙarshe. Idan haka zai zauna har ƙarshen rayuwarsa, yaya zai ji?

Malam ya ce, "Zan gode wa Allah." Ya ɗago kai ya dubi Malam Sani. "Amma ka gaya masa ba na so."

Da muka fito Injiniya yana nan yadda muka bar shi. Bai tambayi komai ba, ba a gaya masa komai ba. Ya karɓi jakar, ya tafi ya canja mana kujerun komawa zuwa na ƙarshen tarago. Malam bai yi mini magana ba har Manchester, bai yi mini ba washegari. A rana ta uku ya ce in miƙo masa carbinsa, alhali yana kusa da hannunsa, na san an huce.

Likita ya yi nasa gwaje-gwajen ya haɗa da takardar ya aika. Kwana goma muna jira, ina ƙirga abin da ya rage na biza a yatsuna. Sai Rukayya ta dawo daga aiki ta hau bene da takalminta, abin da ba ta taɓa yi ba, ta tsaya bakin ƙofa ta ce, "Mama, sun yarda."

Aka yi aikin a Birmingham. Wata 'yar'uwar Rukayya da ke aure a Edgbaston ta sauke ni, ta bar mini kicin ɗinta, na yi ta kai tuwo da miyar kuka a kula. Gaskiyar masu taurari ce, abincin asibitin ba ya ciyuwa. Ranar da za a shiga da Malam ɗakin tiyata, Injiniya ne ya durƙusa ya cire masa takalmi, ya riƙe su a hannu har aka fito da shi, bai ajiye ba.

Ba zan ce Malam ya koma saurayi ba. Satuttukan farko sun yi wuya, akwai zafi, akwai ranar da ya ce da ya sani. Amma hawa benen ya fara raguwa, shanyata ta fara raguwa, har ranar da na kai wa Rukayya kayansa na ce ta gwada su a injin, mu gani ko sun saba.

Saura kwana goma sha biyu bizarmu ta ƙare muka koma Birmingham don dubawa ta ƙarshe. Likita ya duba, ya yi tambayoyinsa, Malam ya amsa, ya sallame mu. Muka dawo babbar tasha, jirginmu saura minti ashirin. Akwai wani ɗan shago a gefen matakala, wata mata tana sayar da shayi, tururi yana tashi daga cikinsa. Injiniya ya ce ko Mama za ta sha wani abu, bai tambayi ubansa ba, don ya riga ya koyi cewa Baba ba ya sha a hanya.

Malam ya tsaya gaban shagon yana duban kofunan da aka jera, ƙarami da matsakaici da babba.

Na ce, "Malam, hanya fa da nisa."

Ya ce ya sani. Ya juya wajen ɗansa, ya nuna da sandarsa.

"Kai, ce mata shayi. Wancan babban. Ta cika shi."